Wai Da Gaske Ne Ana Iya Yin Leda Daga Iska?

 Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai saurarenmu a koyaushe, wanda ya ce shi ɗan tireda ne a ƙauyensu, kuma yana taɓa noma da kiwo. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Don Allah ina so ku tambayo mini masana. Na ji an ce an gano hanyar yin leda daga iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, kuma wai in an yar da wannan leda ruɓewa take yi kamar ganye. Shin gaskiya ne, ko kuwa zuƙi ta malle ce? In gaskiya ne, yaushe za ta iso kasuwanninmu? Domin leda ta dame mu a gonaki, tana kuma kashe mana dabbobi."

To Malam, madalla da wannan tambaya. Amsarka a taƙaice ita ce, labarin gaskiya ne. Masana kimiyya suna iya yin roba daga wannan iska, tare da taimakon wasu mitsi-mitsin halittu na cikin ruwa, kuma robar tana ruɓewa. Amma fa da sauran rina a kaba, domin har yanzu aikin bai bar ɗakunan bincike da 'yan wuraren gwaji ya kama kasuwa ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Da farko dai, ya kamata mu san abin da ya sa ledar da muka saba da ita ba ta ruɓewa. Ledar da kake ƙulla wa mutane gishiri da sukari, da ledar fiya wata, daga ɗanyen man fetur da iskar gas ake yin su. A shekarar 1933 ma'aikatan kamfanin ICI na ƙasar Ingila suka gano irin wannan roba, sa'an nan a 1965 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya yi rajistar jakar leda mai hannu irin wadda muke gani yau. Ka ga ke nan ba wata tsohuwar aba ba ce, dattawa da yawa sun girme ta.

Shi ruɓewa, ai ci ne. In ka ga karan dawa ko kashin shanu ya zama taki, to wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani, waɗanda ake kira bakteriya, da 'yan'uwansu, suka cinye shi. Sun san kara, sun san ganye, sun san ƙashi, domin tun fil azal tare suke. Ita kuwa ledar fetur baƙuwa ce gare su, ba su da abin narkar da ita. Rana ce kaɗai ke gasa ta har ta dagargaje, amma ɓurɓushin yana nan a cikin ƙasa. Shi ya sa take hana ruwa ratsa gona, take toshe magudanun ruwa, in kuma akuya ko saniya ta haɗiye ta sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa alhali cikinta a cike yake. Mahauta su ne shaida.

Wani lissafi da masana a Amurka suka fitar a shekarar 2017 ya nuna cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera roba tan miliyan dubu 8 da miliyan 300 a duniya. Daga cikin wadda aka gama amfani da ita, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a bola ko warwatse a ƙasa da ruwa. A yanzu abin da ake ƙerawa kowace shekara ya haura tan miliyan 400. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka kafa dokar hana leda: Bangladesh a 2002, bayan an ga yadda take toshe hanyoyin ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda a 2008, Muritaniya a 2013, inda mutuwar shanu da tumaki na cikin dalilan da hukuma ta bayar, Jamhuriyar Nijar a 2014, Kenya kuma a 2017. Amma duk wanda ya shiga kasuwa ya san cewa kafa doka daban, rabuwa da leda daban, muddin ba a sami abin da zai maye gurbinta ba.

To, yanzu sai mu zo ga halittun da ake magana a kansu. Malam, ka san koren nan da ke rufe kududdufi in ruwa ya daɗe a kwance, wanda muke haɗawa duka mu kira gansakuka? To ba duka ne iri ɗaya ba. Wani sashe nasa bakteriya ne masu launin kore-kore da shuɗi-shuɗi, waɗanda masana ke kira sayanobakteriya. Ƙanƙantarsu ta kai a ce sai an jera wajen 500 na wani irinsu kafin su cika milimita ɗaya, wato ɗan ƙaramin layin nan na jikin rula. Sai sun taru da yawan gaske ne ido yake ganinsu.

Mutanen yankin Tafkin Chadi sun daɗe da sanin wani daga cikin danginsu. A ƙasar Kanem, mata sukan shiga tafkunan nan masu kanwa su kwaso koren da ke saman ruwa, su zuba a kan rairayi ya tsane ya bushe, su yanka shi gunduwa-gunduwa su kai kasuwa. Suna kiransa dihe, ana sa shi a miya, kuma yana gina jiki ƙwarai. Shi ne Turawa ke kira sifirulina, har suke sayar da shi a kantunan magani. Ka ga ashe abin ba baƙo ba ne a ƙasashenmu.

Abin mamaki game da waɗannan halittu shi ne, ba su bukatar a ba su abinci. Kamar yadda ganyen shuka ke yi, haka su ma suke yi: su ɗauki hasken rana, su ɗauki ruwa, su zuƙi iskar kabon, su haɗa abincinsu da kansu, sa'an nan su saki iskar oksijin wadda muke shaƙa mu rayu. Ita iskar kabon, ita ce wadda ka ambata a wasiƙarka. Tana fita daga numfashin mutane da dabbobi, da hayaƙin itace da gawayi, da salansar mota, da masana'antu. Ita ce kuma kumfar da kake gani in ka buɗe kwalbar lemo. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kaso miliyan ɗaya na iskar duniya, kaso 280 ne nata. Yau ta wuce 420. Wannan ƙaruwa ita ce babban dalilin ɗumamar yanayi, wanda manoma ke gani a sauyin damina da tsananin zafin bazara.

To ina roba ta shigo a nan? A nan ne hikimar take. Ka san manomi in ya yi girbi ba ya cinye komai, sai ya zuba wani abu a rumbu saboda gobe. Su ma bakteriya suna da rumbunsu. In suka sami abin yin abinci da yawa, amma wani sinadarin da suke bukata don su hayayyafa ya yanke, sai su riƙa tara rarar a cikin cikinsu, a matsayin wasu 'yan fararen ƙwayoyi. In yunwa ta zo sai su waiwaye su. Wani masani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne ne ya fara bayyana wannan abu a shekarar 1926, a cikin wata bakteriya ta ƙasa. Sunan abin yana da tsawo, don haka ake taƙaita shi da haruffa uku, PHB. Daga baya aka lura cewa in an tara shi aka narka, yana zama roba sak, mai kama da wadda ake yin bokiti da kujera da ita. A shekarar 1966 kuma aka gano cewa su ma waɗannan korayen na ruwa suna tara shi.

Ga yadda ake aikin. Da farko sai a rene su a cikin ruwa, ko dai a buɗaɗɗun tafkuna marasa zurfi, ko a cikin dogayen bututan gilashi da rana ke ratsawa. Ana hura masu iskar kabon, ana kuma zuba masu ɗan taki, irin sinadaran da ke cikin takin zamani, har su yi yawa ruwa ya yi kore shar. Daga nan sai a yanke masu sinadarin naitirojin, wato wanda ke cikin yuriya. Duk manomi ya san yadda masara ke yin rawaya in ta rasa taki. To haka su ma suke yi, koren ya koɗe, su daina hayayyafa, su shiga cika rumbu. Bayan 'yan kwanaki ko makonni sai a tace su daga ruwa, a fasa su, a wanke fararen ƙwayoyin, a busar. Abin da zai fito gari ne fari, wanda ake mayarwa ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa, a narka a inji, a zuba shi a duk siffar da ake so. Bisa lissafi, kowane kilo ɗaya na wannan roba yana ɗauke da abin da aka zuƙo daga iskar kabon wajen kilo 2.

Sai dai ka sani, Malam, robar PHB da 'yan'uwanta ta daɗe da shiga kasuwa, amma ta wata hanya daban. Akwai wasu bakteriya marasa launi, waɗanda ba ruwansu da rana, sai dai a dura masu sukari ko mai a cikin manyan tankuna. Waɗannan sukan cika cikinsu da roba har kashi 80 cikin 100 na nauyinsu in an busar da su. Da irinsu ne kamfanin ICI ya yi wata roba mai suna Biopol, wadda a shekarar 1990 kamfanin Wella ya yi kwalaben sabulun wanke gashi da ita a Jamus. Amma tsada ta hana ta karɓuwa. Kamfanin Monsanto na Amurka ya sayi sana'ar a 1996, ya dakatar da ita a 1998. An sake gina wata babbar masana'anta a jihar Ayowa ta Amurka, mai amfani da sukarin masara, wadda aka tsara ta fitar da tan 50,000 a shekara. Ta fara aiki a 2010, zuwa 2012 an daina yin robar a can saboda rashin ciniki. A Japan kuwa, kamfanin Kaneka yana yin wata irinta daga man itatuwa, ana yin tsinken shan lemo da cokula da jakunkuna da ita.

To ka ga inda gizo ke saƙa. Sukari da mai kuɗi ne, kuma abinci ne. In za a riƙa noma masara da rake don a yi leda, to gonar da za ta ciyar da mutum ce aka ba roba, kuma farashin hatsi zai ji a jikinsa. Wannan ne ya sa hankalin masana ya koma kan korayen nan na ruwa. Su ba su cin masarar kowa. Rana kyauta ce, iskar kabon kuwa neman kai ake yi da ita. Ba su kuma bukatar ƙasar noma, ko a kan fako ana iya kafa tafkunansu, wasunsu ma a ruwan gishiri ko na kanwa suke rayuwa.

Matsalarsu ita ce, rumbunsu ƙarami ne. In an bar su yadda suke, abin da suke tarawa bai cika wuce kashi 15 cikin 100 na nauyinsu ba, da yawansu ma ba su kai haka. Don haka masana suka shiga neman hanyar gyara su. Akwai wani iri da aka samo daga ruwan daɗi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1968, wanda ya zama kamar zakaran gwajin dafi a ɗakunan bincike. A 1996 masana a Japan suka gama karanta dukan ƙwayoyin gadonsa, wato umarnin da ke cikin kowace halitta mai faɗa mata yadda za ta kasance. Shi ne na farko da aka yi wa haka a cikin duk halittun da ke haɗa abinci da hasken rana.

A shekarar 2020, wasu masana a Jami'ar Tubingen ta ƙasar Jamus suka ba da labarin wata babbar nasara a kan wannan iri. Sun gano cewa halittar tana da rumbu biyu, ɗaya na wani abu mai kama da sitaci, ɗaya na roba, kuma akwai wani ɗan sinadari da ke tare hanyar zuwa na robar. Sai suka cire shi, kamar yadda mai lambu ke fasa bakin fangali ya karkatar da ruwa inda yake so. Suka kuma ƙara mata ƙwayoyin gado guda biyu daga bakteriyar nan mai cin sukari. Sakamakon haka, robar da take tarawa ta kai kashi 63 cikin 100, da aka ƙara mata ɗan wani sinadari dangin ruwan tsami na kanti kuwa ta kai kashi 81. Wato ta kamo ƙafar masu cin sukari.

Amma ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka. Abin da aka yi a cikin kwalba a ɗakin bincike, kafin a yi shi a fili mai faɗin eka ɗari, akwai jan aiki. Na farko, suna bukatar haske, kuma in suka yi yawa sai na sama su yi wa na ƙasa inuwa, kamar shukar da ba a yi wa cira ba. Saboda haka dole ruwan ya zama tsararo. In ka ɗebo jarka mai lita 20 daga buɗaɗɗen tafki ka tace ka busar, abin da za ka samu bai kai nauyin ƙwan kaza ɗaya ba, alhali jarka guda daga tankin masu cin sukari tana iya ba da kilo 2 ko fiye. Raba wannan ɗan abu da wannan ruwa mai yawa yana cin wuta da kuɗi. Na biyu, ba su da saurin girma. Na uku, buɗaɗɗen tafki yana da nasa ciyayi da ƙwari, wato wasu halittun da ke shiga su cinye su ko su ƙwace masu wuri. Na huɗu, a wuri mai zafi ruwa yana saurin ƙafewa. Na biyar, ita robar PHB zalla tana da gautsi, kuma tana narkewa ne a zafin da ya kai wajen digiri 175, kusa da inda take fara lalacewa, sai an gauraya ta da wani abu kafin ta yi laushin leda. Duk waɗannan suka haɗu suka sa har yau ta ninka robar fetur tsada. In aka haɗa dukan ire-iren robar da ake yi daga tsirrai da masu ruɓewa, ba su kai kashi 1 cikin 100 na robar duniya ba.

Game da ruɓewa kuwa, wannan gaskiya ne, kuma dalilin a fili yake. Tun da abincin ajiya ne na bakteriya, to 'yan'uwansu na cikin ƙasa da na ruwa sun san shi, suna da abin narkar da shi. Sukan cinye shi ya koma ruwa da iskar kabon, wato inda ya fito. Ko jikin ɗan Adam bai ɗauke shi baƙo ba, domin sinadarin da aka harhaɗa aka yi shi, jikinmu ma yana yin irinsa in mutum ya daɗe bai ci abinci ba. A shekarar 2007 hukumomin Amurka suka amince da wani zaren ɗinkin tiyata da aka yi da ɗan'uwan wannan roba, wanda ke narkewa da kansa a jiki. Sai dai ruɓewar tana son laima da ɗumi, kuma watanni take ɗauka, mai kauri ma ya fi haka. A busasshiyar ƙasa da rani, abin zai yi jinkiri. Don haka ko ta zo, ba abincin akuya ba ce.

A nan muna so mu ja hankalin 'yan kasuwa. Ba duk ledar da aka rubuta wa "mai ruɓewa" ce ke ruɓewa ba. Akwai wadda ledar fetur ce aka zuba wa wani sinadari don ta yi saurin dagargajewa, ido ya daina ganinta amma ɓurɓushin na nan. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta haramta irin wannan tun daga 2021. Akwai kuma wadda ake yi daga masara, wadda ba ta ruɓewa sosai sai a wurin yin taki na musamman mai zafin wajen digiri 60. A shekarar 2019 masana a Jami'ar Plymouth ta Ingila suka ba da labarin wani gwaji da suka yi, inda suka binne jakunkuna iri-iri har shekara 3. Da suka tono su, wasu masu ɗauke da wannan rubutu suna nan daram, har ana iya zuba masu kaya a ɗauka. Saboda haka kada wani ya tsauwala maka kuɗi saboda rubutun da ke jikin leda kawai.

To yaushe za ta iso kasuwanninmu? Ranar da farashinta ya kusanci na ledar fetur, domin kai ka fi kowa sani, mai sayen gishirin naira hamsin ba zai biya kuɗin leda ba. Alamu sun nuna cewa inda za ta fara amfani shi ne wuraren da tsince leda ke da wuya, kamar ledar da masu lambu ke shimfiɗawa a kan kunya don riƙe laima da hana ciyawa, da baƙar ledar renon dashen itatuwa, wadda za a iya binnewa tare da dashen, da kuma kayan asibiti. In kuwa sana'ar ta kankama, ƙasashe masu yawan rana da faɗin fili irin namu suna da abin da ake nema, ga kuma matan Kanem sun nuna cewa irin waɗannan halittu suna son yanayinmu.

Kafin wannan lokaci, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage ledar da muke karɓa da wadda muke bayarwa. Mai zuwa cefane ya riƙe kwandonsa ko jakarsa, mai sayen mai ko nono ya zo da mazubinsa, kamar yadda iyayenmu suka yi. A tsince leda daga takin bola kafin a kai shi gona. A kula da inda dabbobi ke kiwo, musamman a bayan kasuwa da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare suke cin duk abin da suka samu. Kada kuma a riƙa hura wutar girki da leda, domin hayaƙinta yana cutar da ƙirjin mata da yara. Inda ake da masu sayen tsofaffin robobi, a tara a sayar masu.

To Malam, da fatan ka gamsu da wannan bayani. Sauran masu saurare kuma, muna nan muna jiran wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu kwana lafiya.